Garejin wutar mota a kudancin Jidda, inda ake awo kafin a kwance dinamo

Motata Toyota Camry ce ƙirar 2004, mai inji 2.4, kuma ta haura kilomita 380,000, mafi yawansu a kan hanyar Jidda zuwa Makka, wadda nake bi sau biyu ko uku a mako. Cikin wata 14 ta cinye batir biyu, sa'annan ta fara nuna alamar za ta haɗa da na uku. Da safe idan na murɗa makulli sai kik ya juya da ƙyar kamar wanda aka tasa daga barci, da dare kuma idan na tsaya a danja da mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, a kunne, fitilun gaba sukan dushe har sai na ɗan taka totur su dawo. Jar fitilar batir da ke gaban direba takan yi ƙifta-ƙifta jefi-jefi, ta ɗauke kafin mutum ya tabbatar ya gan ta. Wannan rubutu bayani ne a kan garejin da ya gano ciwon, da yadda ya gano shi, da abin da na biya, da kuma abubuwan da ban ji daɗinsu ba a wurin.

Sai na fara da abin da ya faru kafin in je can, domin shi ne ma'aunin da nake gwada garejin da shi. Duka batir biyun a shago ɗaya na saye su, irin shagunan nan da ke jere a bakin titi suna sayar da batir da man inji. Da na koma da ƙorafi karo na biyu, yaron shagon ya ce in tada mota, ya ɗauko sifana ya cire kan batir alhali inji yana aiki, kuma da ya ga inji bai mutu ba sai ya yanke hukunci cewa dinamo, wato na'urar da ke cajin batir, lafiya lau yake, zafi ne ya kashe batir. Na yarda da shi, domin kowa a nan ya san batirin da ya shekara biyu a wannan ƙasa ya yi ƙoƙari. Bayan mako shida motar ta mutu mini bayan sallar isha'i a wata tashar mai da ke kan hanyar Makka, wani bawan Allah ya ba ni ishtirak da wayoyinsa, wato ya haɗa batirinsa da nawa motar ta tashi, na yi tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba fitilu suka fara mutuwa, dole na kira sadaha, wato motar ɗaukar motoci, ta ɗauke ta zuwa gida a kan riyal 200.

Wani maƙwabcina ne ya kwatanta mini garejin. Garejin yana cikin sina'iyya, wato unguwar masu gyaran motoci, a kudancin Jidda, shago ne mai ƙofa ɗaya wanda mota biyu ke cika shi, kuma mai shi dattijo ne Bahaushe haifaffen Makka, wanda kakanninsa suka zo ta Sudan suka tsallako Bahar Maliya daga Sawakin. Da can yana aiki ne kusa da unguwar Sabil, kuma da aka rushe tsofaffin unguwannin a 2022 jama'armu ta warwatse, shi ma ya koma inda yake yanzu, abokan cinikinsa suka bi shi da tambaya. Larabawa suna kiransa kahraba'i, 'yan uwanmu da suka zo daga gida suna cewa rewaya, ni kuwa Mu'allim nake ce masa kamar yadda yaransa biyu ke yi. Hausarsa cike take da kalmomin sana'ar irin na nan: abin da ake kira altaneta a Kano shi dinamo yake cewa, fanbel sair ne a bakinsa, kabon ɗin da ke gogar zuciyar dinamo fahamat, na'urar daidaita caji kuma katawit.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyi. Ya tambayi kwana nawa motar ke yi a ajiye, ko matsalar ta fi tsanani bayan hutun Juma'a da Asabar, ko na ƙara wani abu mai jan wuta kamar rediyo ko fitila, ko ina jin ƙarar sair da safe. Da na ba shi labarin cire kan batir, sai ya girgiza kai ya ce: "Alhaji, wannan gwajin na zamanin tsohon dinamo ne, wanda ba shi da dayod a ciki, wato abin da ke sa wuta ta bi hanya ɗaya. Batir shi ne ke shanye tsallen wuta. Idan ka cire shi inji na aiki, wuta takan yi tsalle ta ninka, kuma abin da ta fara samu shi take ƙonawa, ko dayod, ko katawit, ko kwamfutar inji." Ya ƙara da cewa gwajin ma ba ya nuna komai, domin dinamon da ya rasa rabin ƙarfinsa yana iya riƙe inji a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, matuƙar ba a kunna fitila da mukayyif ba.

Ya duba sair ya ga bai tsage ba, bai yi santsi ba, abin da ke ɗaure shi ma yana da ƙarfi. Sa'annan ya ɗora mitarsa a kan batir, inji a kashe, ta nuna bolt 12.1. A nan ya yi mini bayanin da ban taɓa ji daga mai sayar da batir ba. Batirin mota ɗakuna shida ne, kowane ɗaki yana ba da kusan bolt 2.1, saboda haka cikakken batir yana nuna 12.6. Idan ya nuna 12.4 ya rage kimanin kashi 75 cikin 100, a 12.2 rabi ne, a 12.0 kuwa abin da ya saura bai wuce rubu'i ba. Wato tazarar da ke tsakanin ƙoshi da yunwa ba ta kai bolt ɗaya ba, kuma wanda ya ga 12 ya ce ai batirin bolt 12 ne, ya yaudari kansa. Ya ce ba a yanke wa mayunwacin batir hukunci, kuma ba a auna dinamo da shi, domin duk awon da aka yi zai fito a karkace. Ya cire batirin ya ɗora a kan caja mai tafiya a hankali, ya ce in dawo gobe. Na ji haushin wannan a ranar, saboda na zo da niyyar komawa da motata, amma daga baya na gane cewa a nan bambancinsa da sauran ya fara.

Washegari ya mayar da batirin, ya kunna fitilu na ɗan lokaci domin a kawar da cajin da ke kwance a sama wanda ke sa mita ta yi ƙarya, ya bari ya huta, sai ta nuna 12.6. Ya sa yaronsa ya tada inji shi kuma yana kallon mita, wuta ta sauka zuwa 10.4 lokacin da kik ke juyawa. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada ta faɗi ƙasa da 9.6, don haka batir ya tsallake, ko da yake Mu'allim ya ce sabon batir mai wata biyu ya kamata ya fi haka. Da inji ya zauna a silo ba tare da an kunna komai ba, mita ta nuna 13.9, wanda ke cikin abin da ake so, domin lafiyayyen caji yana tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. Da a wani wuri ne da an rufe bonet a nan an ce mini babu komai. Shi kuwa sai ya sa aka kunna mukayyif a ƙarshen ƙarfinsa, da manyan fitilu, da abin ɗumama gilashin baya, wuta ta faɗo 12.7, kuma ko da aka ɗaga inji zuwa juyi 2,000 a minti ba ta wuce 13.1 ba. Ma'anar wannan ita ce duk tafiyar dare da nake yi a watannin zafi, dinamo yana ciyar da kayan mota ne da ƙyar, abin da ke isa batir kuma bai taka kara ya karya ba.

Duk da haka bai ce a kwance dinamo ba. Ya matsar da wayoyin mitar zuwa jikin dinamon kansa, ɗaya a kan babban ƙusan da wuta ke fita, ɗaya a kan gangar jikinsa, ta nuna 13.8. Tsakanin dinamo da batir ke nan ana asarar bolt 0.7 a hanya. Don ya gano inda take zuba, ya auna daga ƙusan dinamo zuwa kan batir mai alamar ƙari ya sami 0.2, abin da ba shi da laifi, sa'annan ya auna daga gangar dinamo zuwa kan batir mai alamar ragi ya sami 0.5, alhali bai kamata wannan ɓangaren ya wuce 0.2 ba. Ya bi baƙar wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji, ya yanka robar da ke kusa da bakinta, sai ga tagullar ciki ta zama kore tana marmashewa a hannu. Daga waje wayar tana nan kamar sabuwa. Ya ce wannan ciwon Jidda ne musamman, domin danshin teku da gishirinsa suna haɗuwa da tururin ruwan batir su ci waya ta ciki, kuma motocin Riyad ba su cika zuwa da shi haka ba. Bayanin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa katawit yana auna wuta ne da jikin dinamo, don haka idan wayar ƙasa ta lalace sai ya ga kamar batir ya ƙoshi, ya rage caji tun batir bai samu ba.

Aka sa sabuwar waya, aka goge kawunan batir, awon ya hau zuwa 13.5 da kaya a kunne. Ni har na fara godiya, shi kuwa ya ce ba a nan gizo ke saƙa ba, domin lalatacciyar waya ba ta bayyana dalilin da ya sa motar ke kwana da wuta ta tashi babu. Ya juya mitar zuwa awon wuta mai kai da komowa, irin ta gida, ya ɗora a kan dinamo. Dinamo a asalinsa irin wannan wutar yake haifarwa ta layi uku, sai dayod shida su miƙar da ita ta zama mai tafiya hanya ɗaya kafin ta shiga batir, kuma idan duk suna da lafiya ragowar da ke tsallakewa kaɗan ce ƙwarai. Masu sana'ar suna ɗaukar abin da ya haura bolt 0.5 a matsayin alamar dayod ya mutu. Tawa ta nuna 0.8.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda ya ɗaure maganar. Ya kashe inji, ya zare makulli, ya rufe ƙofofi, ya cire wayar ragi ya sa mita a tsakaninta da batir domin a ga abin da mota ke sha tana barci. Mota irin wannan bai kamata ta wuce miliamfiya 50 ba, wato abin da agogo da kwamfuta da rediyo ke buƙata don kada su manta. Bayan ya jira 'yan mintoci mita ta tsaya a amfiya 0.4, wato miliamfiya 400. Ya zare fis ɗaya bayan ɗaya, lambar ba ta motsa ba, sai da ya cire babbar wayar da ke kan dinamo ta faɗo miliamfiya 30. Dayod ɗin da ya lalace ya zama ƙofa a buɗe, wuta tana komawa ta cikinsa daga batir. Ya ɗauko alli ya yi mini lissafi a jikin bango: amfiya 0.4 sau sa'a 48 na hutun mako ya kusa 20, cikin batirin kuma a wannan ma'auni 60 ne gaba ɗayansa, ke nan kowace Lahadi ina tashi da batirin da aka sace wa sulusi, sa'annan dinamon da zai mayar masa rago ne. Batirin gubar da ake yawan barinsa da yunwa, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantansa ya rage masa ciki, zafin da ke cikin bonet kuma yana ƙafar da ruwansa yana cin ƙarafunansa. Haka batir biyu suka mutu ba da laifinsu ba. Na tambaye shi ko cire kan batir da yaron shago ya yi shi ne ya ƙona dayod. Ya ce ba zai rantse ba, tunda batirin farko ya mutu kafin wannan, amma in ma bai fara ɓarnar ba, bai rage ta ba. Na ji daɗin wannan amsa fiye da a ce ya ɗora wa wani laifi don ya faranta mini.

Ya shimfiɗa mini zaɓi ba tare da ya tura ni ko'ina ba. Akwai sabon dinamo na asali daga wakilin kamfani, wanda kuɗinsa bai dace da mota mai wannan shekaru ba, akwai na tashlih da ake cirowa daga motocin da suka yi haɗari, wanda sa'a ce kawai, akwai kuma sabo mai araha da ake kira tijari, wanda ya ce yakan yi aiki amma ba ya jure zafi. Shawararsa ita ce a gyara wanda ke jikin motar, domin ƙirar Denso ne, kuma idan naɗin wayarsa bai ƙone ba ya fi duk wani tijari. Ya kwance shi a gabana, ya auna naɗin zuciyar da na kewayen ya ga babu yankewa kuma babu inda wuta ke taɓa ƙarfe. Fahamat sun cinye har ɗaya ya kusa ƙarewa, kuma wannan ne dalilin ƙifta-ƙiftar jar fitila, domin idan kabon ya gajarta yakan taɓa ya saki. Boris na baya ma yana ɗan kuka idan aka juya shi da hannu. Katawit kuwa ya gwada shi ya ce a bar shi, alhali da ya ce a sauya babu yadda zan yi in musa.

Farantin dayod ya ci riyal 110, fahamat 25, boris 35, wayar ƙasa 30, kuɗin hannu 120, jimla 320. Yana karɓar riyal 50 na bincike daga wanda ya ji sakamako ya tafi wani wuri, amma idan a wurinsa aka yi gyaran ba ya ƙirga shi. Idan aka kwatanta da batir ɗaya da na saya a banza da kuɗin sadaha, gyaran bai kai abin da rashin awo ya ci mini ba. Bayan an mayar da dinamo ya maimaita duk gwaje-gwajen a kan idona: 14.1 babu kaya, 13.8 da komai a kunne, ragowar wuta mai kai da komowa 0.05, shan barci miliamfiya 30.

Wurin yana da nasa aibi, kuma wanda zai je ya kamata ya sani. Aikin ya ɗauki kwana uku, ɗaya na cajin batir ne wanda na yarda da shi, amma na ukun jira ne kawai, domin babu tsarin layi, kuma duk wanda ya zo da ƙaramar matsala ko tsohuwar sanayya sai a bar taka a duba tasa. Babu inuwa sai wani benci a bakin ƙofa, da rana kuma ana rufewa daga azahar har bayan la'asar. Ba ya ajiye kayan gyara, sai ya rubuta maka a takarda ka zagaya shagunan sina'iyya da kanka, abin da ke da amfani ta fuskar sanin farashi, amma wanda bai san na asali da jabu ba zai iya dawowa da abin da Mu'allim zai mayar da shi ya sauya, kamar yadda ya faru da ni a kan boris. Damanin da ya ba ni, wato garanti, na wata uku da baki ne, fatura kuma, wato rasit, jimla kawai ta nuna, ba a rarrabe ba. Na kuma ga yaransa suna aiki a kan batirin da ke caji ba tare da gilashin kare ido ba, ga tsofaffin batura jibge a lungu, alhali batir yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda tartsatsi ɗaya ke isa ya tayar da ita. Na faɗa masa wannan, ya ce gaskiya ne, amma ban ga alamar za a sauya ba. Wani ƙaramin abu kuma shi ne bai gargaɗe ni cewa bayan an cire batir inji zai yi kwana ɗaya ko biyu silonsa na rawa kafin kwamfuta ta sake daidaita kanta ba, har na tsorata na koma, ya yi dariya ya ce in ci gaba da tafiya.

Iyakarsa ma ya san ta. Ina zaune wani ya kawo sabuwar mota irin wadda kwamfuta ke ba dinamo umarnin lokacin caji, inda awon 12.8 a silo ba lallai ya zama ciwo ba, sai Mu'allim ya ce masa ba shi da na'urar karanta wannan, ya kwatanta masa wani wuri. Garejin na masu Camry da Corolla da Hilux da Crown Victoria ne na shekarun baya, irin motocin da yawancinmu ke hawa, kuma a kan waɗannan ban ga wanda ya kai shi natsuwa ba a shekarun da na yi a Jidda. Wanda ke son a sauya masa batir cikin minti goma ya wuce, wannan ba wurinsa ba ne. Wanda kuwa motarsa ta fara cin batir, ko fitilarsa ke dushewa a danja, ko take ƙin tashi bayan hutu, ina ba shi shawarar ya ware kwana biyu ya je da sassafe, kuma ya roƙi a rubuta masa lambobin awon a bayan fatura, domin Mu'allim yana yi idan an tambaya.

Wata huɗu ke nan da gyaran. Na sayi ƙaramar mita ta riyal 40 na ajiye a aljihun mota, kuma ranar Lahadin da ta wuce, bayan motar ta yi kwana biyu ba a taɓa ta ba, na auna kafin in tada ta nuna 12.5. Mu'allim ya riga ya gaya mini cewa batirin ya wahala a baya, ba zai kai inda ya kamata ya kai ba, kuma ya ce in kawo motar kafin zafi ya kankama domin ya ɗora masa na'urar gwajin nauyi na daƙiƙa 15 ya ga ko zai iya haye bazarar bana.